Kada Tsoho Ya Yi Barci a Keke

Makon jiya wasu samari biyu suka zo rumfata a unguwar Mansur, nan Makka, neman hayar keke. Ina durƙushe ina ɗaure birki, sai na ji ɗayan yana ce wa ɗan'uwansa da Larabci wai wannan aiki ko jaki zai iya, turi ne kawai. Ya ɗauka ba na ji. Na miƙe na ce masa, "Ya waladi, ɗana, jaki ba ya shiga Harami, kai kuma yau ba ka fita da kekena." Suka tafi suna dariya, suna cewa Amm Isa, wato Baffa Isa, ya fara. Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu ke nan. Karatuna bai wuce firamare ba, a Kazaure na yi ta kafin in zo ƙasar nan, don haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara. Amma kada ya taɓa maganar, maganar na san ta.

Sana'ata ita ce tura tsofaffi da marasa lafiya a ɗawafi da sa'ayi, a kan keken nan da mutanen Makka ke kira arabiyya. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, gyara nake yi da bayar da haya. Amma ƙuruciyata duka a bayan keke ta ƙare.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Haruna, mutumin Damagaram, Allah ya jiƙansa. Shi ya riski zamanin shibriyya, wato gadon katakon da ƙarti huɗu ke ɗauka a ka da alhaji a ciki, har tsakar kansa ta yi kanta. Ranar da na fara zuwa wurinsa bai ba ni keke ba. Cewa ya yi in zauna a ciki. Ya tura ni da gudu a wani lungu na unguwar Hindawiyya, ya bi da ni ta kan duwatsu, ya ci birki ba zato har na kusa kifawa. Da na sauko ya ce, "To, kai saurayi ne da ƙashi mai kyau. Ka tuna wanda za ka ɗauka ƙashinsa kamar karan dawa yake." Washegari ya ɗora kwanon ruwa cike a kan kujerar ya ce in kai shi bakin titi in dawo. Na daɗe ina jiƙa kujerar nan kafin ya yarda in taɓa mutum.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne akwai dalilinsa. Matakin ƙafa, ƙarfen nan biyu na gaba, sai an naɗe su da robar tsohon tub na taya, don su ne ke yanke wa bayin Allah diddige a cikin cunkoso. Mutum ya baro garinsu ya zo ɗakin Allah, kai ka mayar da shi masauki da jini a ƙafa, kuma ka ce ka yi aikin lada? Akwai ɗamara ta yadi mai laushi da ake zagaya wa wanda ba ya iya riƙe kansa. Akwai kwalbar fesa ruwa. Akwai kanumfari a ƙulle a aljihu. Akwai tasbaha ta ajiya, ko da alhajin bai zo da tasa ba. Birki kuwa ina gwada shi a gida, in gwada a bakin titi, in sake gwadawa a ƙofar masallaci. Ana yi mini dariya a kan haka tun ina saurayi. A yi ta yi. Gangaren da ke tsakanin hawa da hawa ba ya dariya da kowa.

Kafin taya ta motsa akwai tambayoyin da nake yi. Baba, da alwala? Ka yi niyya? Ka ci wani abu? Wane magani ka sha yau? Wasu suna jin haushi, su ce kai likita ne ko liman. Ni ba ko ɗaya ba ne. Amma na san in muka shiga, ibadarsa tana hannuna. Ka'aba sai ta zauna a kafaɗarsa ta hagu tun daga farko har ƙarshe. In ka juya keke don ka kauce wa jama'a har ya ba ta ƙirji ko baya, sai ka koma inda ka juya ka ɗauko daga nan. Shi yana zaune, bai san ma an juya shi ba. Kai ka sani.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abu guda, wato barci. Ɗawafi sai da alwala, kamar salla. Barci mai nauyi kuwa yana karya alwala. Alamarsa, in ji malamanmu, abu ya faɗi daga hannun mutum bai sani ba, ko yawu ya zubo masa bai ji ba. Na san akwai malaman wasu ƙasashe da ke cewa barcin wanda ya zauna daram ba ya karyawa, kuma ni ban isa in yi musu da su ba. Sai dai yawancin waɗanda nake turawa mutanenmu ne, a kan abin da aka koya musu tun suna yara suka yi alwalarsu tsawon rai. To ku duba lamarin. Tsoho ya kwana a Muzdalifa a kan tsakuwa, ya sha ranar Mina, ka zo ka zaunar da shi a kujera mai laushi, sanyin na'ura yana bugunsa, muryar jama'a tana tashi kamar ta ƙudan zuma, kana jijjiga shi a hankali kamar jariri. Wa zai hana shi barci? Kai ne. Aikin ke nan. Turin, shi kam gaskiya ne, kowa zai iya.

Dabarar Baba Haruna ita ce ya sa wa alhaji tasbaha a hannun dama, a inda zai riƙa hango ta ta saman kafaɗa. Muddin 'ya'yan tasbahar suna tafiya, mutum yana nan. In suka tsaya, ka yi masa magana. In ta fara sulalewa, ka fesa ruwa. In addu'a ta gaza riƙe shi, don wani addu'ar ma lallashinsa take yi, sai ka tambaye shi sana'arsa. Baba Haruna yakan ce bai taɓa ganin tsohon da ya yi gyangyaɗi yana cikin koya wa wani aikinsa ba. Shi har gangancin faɗin abu ba daidai ba yake yi don a gyara masa. Ni ban iya wannan ba, ba na son ƙarya ta fita bakina ina kewaya Ɗaki, ko ta dabara ce. Tambaya nake yi. Na kuma je na tambayi malami ko magana ta halatta a ɗawafi, ya ce in da buƙata babu laifi. Na sake tambayar wani don in tabbatar.

Ta haka na koyi abubuwan da ba a koya mini a aji ba. Wata Hajiya daga Maraɗi ta koya mini yadda ake gane man gyaɗan da aka gauraya. Wani mahauci daga Gusau ya kwashe zagaye biyu yana yi mini bayanin inda ake sa wuƙa a haƙarƙarin sa, yana yi yana sara iska da hannu, sai da na riƙa tuna masa ya yi kabbara in mun zo daidai Baƙin Dutse. Akwai kuma masu wahalarwa. Wani ɗan kasuwa ya ce in tsaya a tsakiyar jama'a zai nuna wa matansa Ka'aba a waya. Na ce Alhaji, a bayanmu akwai keke sun fi motocin tasha, in na tsaya a kanka za su tsaya.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe Umara, filin ɗawafi ya zama fayau, mu da muka saba da kafaɗa na gugar kafaɗa muka koma kallonsa a talabijin. Kekena yana jingine a ɗaki, kowace Juma'a in fito da shi in sa masa mai, in juya tayoyin don kada su tsage. Da abin ya yi tsawo, maƙwabta suka fara cewa in riƙa ɗauko musu tukunyar gas da shi. Na ƙi, na ƙi, har ranar da babu shinkafa a gidan. Sai na cire kujerar gaba ɗaya na naɗe ta a zane na ajiye a saman kabad, na ɗaura katako a madadinta. Ban yarda gas ya hau inda alhazai suka zauna ba. Kafin a buɗe, tsofaffin hannu sun watse. Wasu sun koma gida, wasu sun rasu, Baba Haruna ma a tsakanin nan ya tafi. Da alhazai suka dawo sai ga sababbin fuskoki a bayan keke, babu wanda ya taɓa zaunar da su a kujera, babu wanda ya ba su kwanon ruwa. Ga kuma kekunan lantarki sun shigo, kowa ya koma tseren ya gama ya ɗauki na gaba.

A cikin waɗannan sababbin akwai Fahad, ɗan maƙwabciyata mai sayar da waina. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi da rabi ce, ƙato ne mai ƙarfi, kuma ba mugu ba ne. Aikin da nake son ba ku labari ta kansa ya faro.

Rana ta uku ce ta Babbar Salla, bayan la'asar, lokacin da alhazai ke gangarowa daga Mina don ɗawafin ifada, wanda in babu shi babu Hajji. Ina hawa na sama ina tura wata tsohuwa, sai Fahad ya wuce ni kamar an biyo shi, abin jin waƙa a kunnuwansa biyu. A kekensa wani dattijo ne siriri mai farin gemu, haɓarsa a kan ƙirji, kansa yana lilo. Ina kallo tasbaha ta sulale daga hannunsa ta faɗi a kan marmara. Ko yatsa bai motsa ba. Na yi kira, hayaniya ta haɗiye muryata. Ba zan iya barin tsohuwata in bi su ba, ita ma amana ce. Na sunkuya na ɗauki tasbahar, baƙa ce ta katako, ta sha hannu har tana ƙyalli. Can gaba suka sake wuce mu, sun riga sun zagayo. Kan dattijon yana nan yadda yake.

Bayan magariba na sami Fahad a inda muke shan shayi. Na nuna masa tasbahar.

"Ta shaibanin nan ce, tsohon da ka tura."

"Tayyib, to ba ni, in na gan su zan ba shi."

"Barci yake yi, Fahad."

"Ya amm, shi ya yi shiru, ni na yi shiru. Bakwai cif na yi masa, wallahi ban rage ba."

"Na san ba ka rage ba. Kai ka yi bakwai. Shi nawa ya yi?"

Ya kwashe da dariya, ya juya wajen abokansa yana cewa Amm Isa mai waswasi ne, kowa ya sani, ko ruwa zai sha sai ya tambayi mufti. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ya gaya mini masaukinsu, ko in kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa. Nan ya faɗa: wani otal a unguwar Jarwal bayan gidan burodi, 'yan jirgin yawo ne, gobe bayan la'asar motarsu za ta tashi zuwa Jidda.

Ban tafi kai tsaye ba. Na yi ta juya abin. In fa idonsa biyu, hannun ne kawai ya mutu? In fa na tayar wa mara lafiya hankali a banza? In na sa aka mayar da shi cikin cunkoson nan wani abu ya same shi, wa ya jawo? In kuma na yi shiru ya hau jirgi, ya tafi da Hajjin da bai cika ba, a shekarunsa yaushe zai dawo? Da asuba na tare limamin ƙaramin masallacinmu na zayyana masa. Ya ce, "Isa, ka je ka faɗi abin da idonka ya gani. Kada ka ƙara, kada ka yanke hukunci. Hajjinsa ne." Na ɗauki kekena na nufi Jarwal, ban karya ba.

Na tarar da ƙasan otal ɗin cike da jakunkuna an ɗaɗɗaure. Dattijon yana zaune a kujera da tabarau, ƙafafunsa a kumbure a kan wata jaka. Sunansa Malam Sa'idu, daga Zariya, tsohon malamin Turanci ne a sakandare. Kusa da shi ɗansa, Alhaji Nasiru, mai sayar da kayan gyaran mota a Kaduna, yana fama da igiya.

Na yi sallama na durƙusa. "Baba, wannan taka ce?"

"Tasbahata! Nasiru, ka gani? Na ce maka ba a Mina na yar ba. Bawan Allah, a ina ka tsince ta?"

"A hawa na sama, jiya bayan la'asar. Daga hannunka ta faɗi, ina bayanku."

"Ikon Allah. Ban ji ba."

"Na san ba ka ji ba, Baba. Shi ya kawo ni."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ban yi masa bayanin komai ba, ya fi ni sanin hukuncin. Ya tambaye ni a zagaye na nawa ne. Na ce ban sani ba, abin da na sani sau biyu kuka wuce ni, duka biyun haɓarka tana kan ƙirji. Ya lissafa da koriyar fitilar da ke daidai Baƙin Dutse, inda kowane zagaye ke farawa, ya ce, "Na tuna koriyar fitila ta farko, na tuna ta biyu. Daga nan sai na ji ana cewa in yi raka'a biyu."

Alhaji Nasiru ya saki igiyar. "Malam, nawa kake so? Faɗi kawai mu rabu lafiya. Mun san aikinku, ɗaya ya tura, ɗaya ya biyo baya ya ce bai yi ba."

Wallahi tun da nake ba a taɓa gaya mini magana mai zafin wannan ba. Ni da na baro gida ko shayi ban sha ba! Na ce, "Alhaji, ban ce ni zan tura ba. Ga masu keke nan cike da titi, ka zaɓi wanda ka ga dama. Wanda zai hana shi barci kawai nake roƙon ka nema."

"Ka ga ƙafarsa kuwa? Ka san yana da suga? Jiya da ƙyar muka hau da shi gado. In ya faɗi a can kai za ka amsa wa 'yan'uwana?" Ya juya ga mahaifinsa. "Baba, jiya a Mina ma wani malami ya ce barcin zaune ba komai."

A nan ban ga laifinsa ba, tsoron da yake ji ni ma shi na kwana da shi. Amma Malam Sa'idu ya ɗaga hannu. "Nasiru, tun ina yaro in na yi barci irin wannan sai na sake alwala. Ba zan canza ba yau don mota tana jira." Ya mayar da tabarau. "Kuma in na koma a haka, uwarka ma ba ta halatta gare ni ba. Kai za ka yi mata bayani?"

Alhazan da ke zaune a kan jakunkuna suka fashe da dariya. Alhaji Nasiru ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haba Baba, a gaban mutane." Dattijon ya nuna ni da tasbahar ya ce, "Kai za ka tura."

Na yi tambayoyina kamar kullum, a nan na gano jiya kafin su fita ya sha ƙwayar ciwon ƙafa mai sa jiki ya mutu. Ban ce kada ya sha ba, ni wa? Na ce a tambayi likitan tawagarsu. Likita ya ce ta iya jira har a dawo, amma ya ci abinci tukuna. Ya ci, ya yi alwala a gabana, na sa masa ɗamara, na ɗora ƙafafun a kan tsumma mai laushi. Muka kama hanya da hantsi, Alhaji Nasiru yana biye da lema.

Zagaye biyun farko lafiya lau, muryarsa har tana fin tawa. A na uku 'ya'yan tasbaha suka fara jinkiri. Na fesa masa ruwa a wuya, na ba shi kanumfari ya tauna. Ya farfaɗo, muka ci gaba. Muna shiga na huɗu sai na ga kan ya fara sauka, tasbahar ta tsaya cak. Kowane zagaye a sama doguwar tafiya ce, ga jama'a kamar a yi kuka, in ya tafi yanzu sai alwala, sai sabon farawa, mota kuwa ba za ta jira ba. Na sunkuya daidai kunnensa.

"Malam, ni fa a firamare na tsaya. Wannan tafiyar da ka yi daga Zariya zuwa nan, da Turancin mutanen da yaya za a faɗe ta?"

Kan ya ɗago kamar an ja shi da zare. "Wa ya koya maka Turanci?"

"Wani Malam Audu, a Kazaure."

"To Malam Audu bai kai ku nan ba. Saurara." Ya gyara zama. Ya ce Turawan Ingila suna da wata tsohuwar kalma, a rubuce fare, a baki kamar ka ce feya. Kakanninsu na can da faran suke cewa, ma'anarta mutum ya kama hanya, ya yi tafiya, ko a ƙasa ko a ruwa. Ya ce dangin kalmar suna nan har yau a bakin Jamusawa, su ba su yar da ita ba, da ita suke hawa mota da jirgi.

Muka zo daidai koriyar fitila. Na ce, "Malam, kabbara." Ya ɗaga hannu ya yi, ya ɗora daga inda ya tsaya, ko numfashi bai sake ba.

Ya ce da tafiya ta yi tafiya sai Turawan suka daina amfani da ita a kan tafiyar kanta, suka ɗauko wata. Amma ba ta mutu ba, ta laɓe a wasu wurare. In Bature yana son ya ji yadda ka ƙare da wani al'amari, da ita zai tambaya, kamar dai rayuwar ma hanya ce. Abincin da aka ajiye wa mutum a gabansa, da ita ake kiransa. Kuɗin da kake miƙa wa direba, sunansa ke nan. Sai kuma sallama, in za a rabu rabuwa mai nisa, su haɗa ta da kalmar lafiya, wato ka yi tafiya lafiya.

Na ce, "Mu kuwa sauka lafiya muke cewa."

"Ka gani! Su suna yi wa hanya addu'a, mu muna yi wa isowa. Shekara nawa ina koyarwa, ba yaron da ya taɓa kawo mini wannan. Nasiru, kana ji?"

"Ina ji, Baba," in ji Alhaji Nasiru daga baya.

"Ba ka ji. Da kana ji da ba ka faɗi jarrabawata ba."

Duk wannan idona yana kan hannunsa na dama. Tasbahar tana tafiya, har da sauri. Tsakanin kusurwar Rukunul Yamani da Baƙin Dutse kuwa sai in katse shi mu yi addu'ar wurin tare, ya ce, "Na'am, na'am," ya yi ta da kyau, sannan ya koma aji. A zagaye na ƙarshe shi da kansa ya ce, "Isa, a rufe makaranta. Wannan na Ubangijina ne." Addu'a yake yi a hankali, gemunsa ya jiƙe, ni kuma ban fesa masa ruwa ba.

Ya yi raka'a biyu a zaune. Muka shiga sa'ayi, don wanda ya yi jiya a bayan wancan ɗawafin yake, sai an sake. Sa'ayi ba ya buƙatar alwala, amma ban bar shi ya runtsa ba, shi ma bai nema ba. Da muka tsaya a Marwa a karo na ƙarshe ya ɗaga hannunsa sama ya nuna mini. "Ga ta nan. Ba ta faɗi ba."

Tun ranar nake tuna kalmar nan ta Malam Sa'idu duk lokacin da na ga irinsu Fahad suna tsere. Ya ce tafiyar ta fita daga cikinta, an bar kuɗin mota da sallama. To haka ake so a mayar da sana'armu: a karɓa, a zagaya, a ce ma'assalama, sai wata rana. Mutum ya sayar da gona, ya jira shekara da shekaru, ya zo ya zauna a gabanka, kai ko fuskarsa ba ka leƙa ba har ka sauke shi. Fahad bai daina gudu ba har yau. Abin da ya canza kawai, ya cire abin kunne ɗaya. Na ce masa saura ɗayan.

Mun fito daga Harami bayan azahar, rana tana dukan tsakar ka. Wani abokin tafiyarsu ya bugo wa Alhaji Nasiru waya ya ce an fara loda kaya. Ya ce mini, "Malam Isa, a ɗan ƙara sauri." Karon farko ke nan da ya kira sunana. Na ce za mu isa, ka dai riƙe masa lemar daidai.

Ba mu yi nisa a hanyar Jarwal ba na ga haɓar Malam Sa'idu ta sauka a kan ƙirji. Tasbahar ta sulale ta faɗi a kan kwalta. Alhaji Nasiru ya zabura zai taɓa kafaɗarsa, na riƙe masa hannu. Na taka birki, na ɗauke ta, na kaɗe ƙurar, na zura masa a aljihun gaba. Sannan na ci gaba da turi a hankali, ina kauce wa ramuka, yana ta minsharinsa har bakin mota.

Wannan barcin nasa ne, ya biya shi. Wanda bai san bambancinsa da na keken Fahad ba, kada ya zo rumfata neman keke.